Ruwan da Bai Daskare Ba

"Ka kashe ta, Yaya. Ko da ba ta mutu ba tukuna, ka gama da ita."

Auta ta maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, hannayenta biyu suna naɗe kyanwar a cikin tawul. Toka ba ta yi gardama ba, kuma wannan ne ya fi tayar mata da hankali. Kyanwar da ko shafa ta za ka yi sai ta ga dama, yau ta saki jiki kamar tsumma, bakinta duk kumfa, ga amai a gefen kwalin da ta kwana. Taku uku daga wurin, a ƙarƙashin motar Auta, ga robar da yayanta ya tsiyaye ruwan lagireto a ciki, wato ruwan sanyaya injin mota, kore shar. Ga kuma sawun kyanwa, shi ma kore, a kan siminti.

"Wa na kashe da sassafen nan?" Tana jin ƙarar guduma a bayan muryarsa, alamar ya riga ya isa bakin aiki.

"Kyanwar Mama. Ta sha dafin da ka bari a buɗe a garejin gidana. Kwana huɗu ka kwance min mota ka tafi, kai ba ka gyara ba, kai ba ka kwashe ƙazantarka ba."

"Me ya kai ta gareji? Ba a ɗaki take ba?"

"Tambayar da za ka yi ke nan? Ka same ni a asibitin dabbobi, in kana da sauran kunya."

Ta kashe wayar kafin ya maimaita, domin tambayar tana da amsa, kuma Auta ba ta son ji.

Mako biyu ke nan da Mama ta zame a kan ƙanƙara a ƙofar gidanta, a ƙasar sanyin nan da suke zaune, ƙashin kwatangwalonta ya karye. Ranar da za a shiga da ita tiyata, ta riƙe hannun Auta ta ce, "Ki ɗauki Toka. A ɗaki za ki riƙe min ita, tsohuwa ce kamata, ba ta jure sanyi." Wani zai ce kyanwa ce kawai. Wannan wanin bai san gidansu ba. Shekarar Auta arba'in da ɗaya, ita ke wanke wa Mama kai, ita ke raka ta ganin likita, ita ta san wane magani ake sha kafin abinci, amma duk ranar da magana ta zama babba sai Mama ta ce, "Bari Yayanki ya zo." Makullin gida yana hannunsa, takardu suna hannunsa, ko famfo ne ya lalace sai an jira shi. Toka ce abu na farko da Mama ta tsallake shi ta miƙa wa Auta, kuma a gabansa.

Kwana goma sha ɗaya ta riƙe amanar yadda aka ce. Matsalar ita ce Auta tela ce, a falonta take ɗinki, Toka kuma ba ta san wurin kwanciya ba sai kan yadin mutane. Rannan wata kwastoma ta dawo da rigar baƙin karammiski, ta shimfiɗa ta a kan teburin yanka, ta riƙa cire gashi ɗaya-ɗaya tana nuna wa Auta kamar mai ƙirga zunubanta. Da yammar ranar Auta ta mayar da kyanwar gareji. Ba jefar da ita ta yi ba, a'a. Ta samo kwali mai kauri ta shimfiɗa ƙyallaye ninki biyar, ta ɗinka mata 'yar riga ta ulu, ta toshe ƙasan ƙofa da tsohon bargo, kullum kuma sai ta sa mata gorar ruwan zafi a gefe. Ta gaya wa kanta akwai mutane da yawa da ba su sami irin wannan gatan ba. Abin da ba ta yi ba shi ne ta gaya wa Mama, ko Yaya.

Ta sa kyanwar a kwandon wanki, ta rufe da mayafi, ta fita. Iska ta mare ta a fuska tun daga bakin ƙofa. Titi ya yi santsi, mutane suna tafiya a hankali da hannu a aljihu, ita kuwa tana zuba sauri tana tsine wa duk bakaniken da aka taɓa haifa. A tashar bas ta tsaya minti goma sha biyar, yatsunta suka daina jin kwandon.

Direban bas ɗin ya leƙa kwandon ta madubi kafin ta zauna. "Baiwar Allah, mene ne a ciki?"

"Mara lafiya."

"Ba a shiga da dabba."

"To sauke ni da hannunka. Ga ni, ga ka."

Wani dattijo mai hular sanyi ya ce, "Malam direba, ja mu tafi. Wannan fuskar ba ta ciniki ba ce." Mutane biyu suka yi dariya, direba ya girgiza kai ya ja mota. Auta ba ta gode wa kowa ba. Ta zura hannu ƙarƙashin mayafin ta taɓa cikin Toka, tana jin numfashin yana hawa da sauka da sauri, ta ci gaba da shirya maganganun da za ta gaya wa Yaya, tana zaɓen waɗanda suka fi kaifi.

Yaya ya riga ta isa. Yana tsaye a ɗakin jira da rigar aikinsa mai baƙin mai, riƙe da jarkar irin ruwan da ya tsiyaye daga motar, don likita ta karanta abin da aka rubuta a jiki. Wannan ma ya ba ta haushi, yadda ko a ranar laifinsa sai ya tuna abin da ya dace.

"Shekara ashirin da biyar kana wannan aiki," ta ce, ba ta ko gaishe shi ba. "Ba ka san ana rufe guba ba? Ko don gidana ne, ba na kwastoma ba?"

"Auta, mutane."

"Su ji mana. Su san irin bakaniken da suke kai wa motocinsu."

Wata mata mai riƙe da zomo a cikin kwali ta matsa can ƙarshen benci. Yaya ya sunkuyar da kai, ya juya jarkar a hannunsa. Aka kira su ciki.

Likitar ba mai yawan magana ba ce. Ta ɗora Toka a kan teburin ƙarfe, ta cire mata 'yar rigar ulun, ta duba dasashinta, ta latsa gefen cikinta, kyanwar ta yi wani ɗan kuka da bai fi numfashi ba. Ta karanta jikin jarkar, ta ajiye.

"Yaushe kika fara ganin canji?"

"Yau da safe."

"Jiya fa? Ba ki ga tana tangaɗi ba, kamar ƙafafunta ba sa ɗaukarta?"

"Jiya da yamma ta ɗan yi layi. Na ɗauka sanyi ne, sai na ƙara mata bargo."

Likitar ta ɗebi jini ta fita, ta bar su su biyu da kyanwar. Auta ta kafa idonta a kan wani hoton ƙashin kare da ke manne a bango, ta ƙi kallon yayanta. Minti ashirin suka yi haka, babu abin da ake ji sai ƙarar hita mai ɗumama ɗakin.

"Ƙodarta ta tafi," likitar ta ce da ta dawo. "Wannan ruwan, cokali ɗaya ya isa kyanwa. Da an kawo ta cikin awa uku da sha, akwai abin da za mu yi. Yanzu an wuce wurin."

"Ka ji ko?" Auta ta juya ga Yaya. "Cokali ɗaya. Kai kuma ka bar roba guda."

"Duk lokacin sanyi muna ganin irin wannan," likitar ta ci gaba, tana neman jijiya a ƙafar kyanwar. "Yawanci ba kwaɗayi ke kai su ba, ƙishirwa ce. Ruwan shansu ya daskare, sai su nemi wanda bai daskare ba, shi kuma wannan don kada ya daskare aka yi shi. Ina kike ajiye mata ruwa?"

Nan ne Auta ta tuna kwanon. Da safen nan, garin sauri, ƙafarta ta buge shi, ya zame har jikin bango, ko ɗigo bai zube ba. Kwana uku tana leƙa shi daga tsaye tana ganinsa cike, tana cewa a ranta ashe kyanwa ba ta shan ruwa da sanyi. Ta sauya gorar ruwan zafi safe da yamma, ta gyara bargo, ta ɗumama abinci, amma ba ta taɓa sunkuyawa ta sa yatsa a kwanon nan ba.

"A gareji," ta ce.

"Can take kwana?"

"Can."

Ta ji Yaya ya ɗago kai. Da ma ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Likitar ta ɗaura wa Toka ƙarin ruwa, ta ce zai rage mata wahala zuwa yamma, amma ba zai dawo da ita ba. Ko dai a yi mata allura ta huta yau, ko a bar ta ta yi kwana biyu ko uku tana shan azaba, ƙarshen dai ɗaya ne. "Mai ita ce za ta yanke. Ke ce?"

"Ta mahaifiyarmu ce. Tana asibiti."

"To ku je ku tambaye ta. Ƙarfe biyar muke rufewa."

A motar Yaya babu hita mai aiki, kamar motar kowane bakanike. Gilashi ya yi hazo, yana gogewa da hannun riga yana tuƙi. Sun wuce danja biyu kafin ya yi magana.

"Da kin gaya min za ki sa ta a can, da a ranar zan zo in kwashe."

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, Auta kuwa ta ƙware a naɗin. "Da na gaya maka. Komai sai an gaya maka. Gidana ne ko naka? Ni zan nemi izininka kafin in ajiye kwali a garejina? Kai ka san abin da ake kira karammiski? Ka san yadda mace ke tsayawa a falonka tana wulaƙanta ka a kan gashin kyanwa? Ba ka sani ba. Kai dai ka zo asibiti sau biyu a mako da lemo a leda, Mama ta washe baki, ni da nake juya ta a gado in koma 'yar aike."

"Ban ce laifinki ba ne."

"Idonka ya faɗa."

Ya tsaya a danja ta uku, ya kalli hannayensa a kan sitiyari. "Laifina yana nan, ba na gudunsa. Abin da nake fara koya wa duk wanda ya zo koyon aiki wurina ke nan, kada a bar ruwan nan a buɗe ko na minti ɗaya. Na bar shi don na ɗauka washegari zan dawo." Ya ja motar. "In mun shiga, ni zan yi magana. Zan ce ta bi ni gareji ban lura ba. Ke ki yi shiru."

"Har laifin ma sai ka riƙe shi kai kaɗai?"

"Auta, ke ce kike zuwa wurinta kullum, ke za ki ci gaba da jinyarta in an sallame ta. Ni in ta yi fushi da ni, mako ɗaya ne ta huce. Ki bar ni in ɗauka."

Ta so ta ce ba ta buƙatar alfarmarsa. Kalmomin suna bakinta, a shirye. Amma ta juya ta kalli titi, ta bar maganar a haka, kuma ta ji haushin kanta fiye da yadda ta ji nasa duk safiyar.

Sai bayan ƙarfe uku aka buɗe wa masu dubiya. Ɗakin da aka kwantar da Mama gado shida ne, nata na kusa da taga. An ɗaga mata kan gadon, ƙafarta a miƙe tsakanin matasai biyu, gilashinta a kan hanci. Ta gan su sun shigo tare, abin da ba su saba ba, sai ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Wa ya mutu?"

Yaya ya durƙusa a gefen gadon ya gaishe ta, sannan ya faɗa kamar yadda ya tsara. Ya kwance motar Auta, ya bar ruwan lagireto a buɗe, kyanwa ta bi shi gareji ta sha, likita ta ce ƙoda ta lalace. Bai ƙara gishiri ba, bai kuma ambaci kwali ko kwano ba.

Mama ta cire gilashinta. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne, amma matar gadon kusa sai da ta rage ƙarar rediyonta.

"Kai da furfura a gemunka. Ubanku ya yi aikin nan shekara talatin, ko kaza ba ta taɓa mutuwa a wurinsa ba, don in ya gama sai ya share wuri kafin ya wanke hannu. Kai kullum sauri, kullum gobe. Tun kana yaro haka kake, ka fara abu ka bar wa mutane ragowar. Na yi ta rufa maka asiri, ga inda rufin ya kai ni. Shekara goma sha huɗu muna tare da dabbar nan. Ranar da aka fita da ubanku, kowa ya koma gidansa, ita ta kwana a ƙafata."

"Ki yi haƙuri, Mama."

"Haƙurin zan kai wa likita?"

Auta tana tsaye a ƙarshen gadon, riƙe da ƙarfensa. Shekara nawa tana jiran ranar da za ta ji Mama ta yi wa Yaya irin wannan wankin babban bargo. Ta sha kwanciya tana tsara yadda zai kasance, har da yadda za ta sa baki ta ce a yi masa afuwa. Ga shi ya zo, a gabanta, kalma bayan kalma, ba ta ji daɗin ko ɗaya ba. Yaya yana durƙushe, wuyansa a sunkuye, baƙin mai a bayan kunnensa. Mama kuma ko sau ɗaya ba ta dubi inda Auta take ba.

"Ba bin sa ta yi ba," Auta ta ce.

Yaya ya juyo. "Auta."

"Rufe min baki, Yaya, ba da kai nake ba." Ta matso kusa. "Mama, ni na fitar da ita daga ɗaki. Kwana uku tana kwana a gareji, saboda tana ɓata min yadin mutane. Ruwan shanta ya daskare ban sani ba, ina ganin kwano a cike. Ƙishirwa ce ta kai ta. Jiya ma na ga tana layi, na rufe ta da bargo na koma kan keke. Da na kai ta a lokacin, da ta rayu."

Ta gama, ta tsaya tana jiran nata rabon. Ta ma fi son a yi mata fiye da na Yaya.

Mama ta mayar da gilashinta, ta dube ta daga wuya zuwa gwiwa.

"Na san ba ta ɗaki."

"Wa ya gaya miki?"

"Rigar sanyinki. Tun da kika ɗauke ta, kullum kika zo sai na tsince gashinta a kafaɗarki, ina jin daɗi, kamar ta aiko min da gaisuwa. Kwana uku ke nan rigar nan tas. Na tambaye ki shekaranjiya ya take, kika ce lafiya lau, tana kan kujera." Ta gyara zaman gilashinta. "Na ce bari in ga ranar da za ki faɗa da kanki. Ina kwance ina gwada 'yata, dabba tana can tana lasar ƙanƙara. Ni ma ga abin da shiruna ya saya min."

Wata nas ta turo keken magani ta wuce su, ta tsaya a gado na gaba. Auta ta goge fuskarta da bayan hannu, da ƙarfi, kamar hawayen ma laifi suka yi mata.

"Likita ta ce ke za ki yanke," ta ce. "Ko allura yau, ko a bar ta kwana biyu tana wahala. Ƙarfe biyar suke rufewa."

"Tana jin zafi?"

"Tana ji."

Mama ta juya fuskarta ga taga. A waje an fara yayyafin ƙanƙara, mutane suna ɗaga kwalar riga suna gudu zuwa tashar bas. Ta daɗe tana kallo.

"A yi mata yau. Kuma kada a bar ta a kan ƙarfen nan nasu mai sanyi. A ɗauke ta a cinya, a riƙe ta har ta gama. Ba ta son a taɓa mata ciki, ƙarƙashin haɓa ake sosa mata."

Yaya ya miƙe yana laluben makullin mota. "Bari in je, Mama. Auta ba za ta iya kallo ba."

"Zauna," Mama ta ce. "Ba kai na ba wa ba."

Auta ta ɗauki jakarta, ta duba agogon bango. Ƙarfe huɗu saura kwata, kuma bas biyu za ta hau.